SANKARAR JINI: ABIN DA AWO KE FAƊA WA LOKOTORO

Manomin Damagaram ba ya jiran kaka kafin ya san halin da gonarsa take ciki. Tun gero yana iya gwiwa yake duba launin ganye da kaurin kara, ya duba ko ƙuduji ya fara leƙowa. Makiyayi ma haka. In zai sayi saniya a kasuwar Mirya ko ta Tanut, sai ya buɗe bakinta ya ƙirga haƙora, ya ja fatar idonta ya ga ko da jini, ya shafa wuyanta da haƙarƙarinta. Wannan ba duba ba ne, ba bugun ƙasa ba ne. Sani ne da aka tara shekara da shekaru.

Lokotoro ma yana da irin wannan sani a kan wata cuta mai nauyi, wato sankarar jini, wadda wasu ke kira ciwon daji na jini ko kansa. Mutum biyu za su zo likita rana ɗaya, sunan cutarsu ɗaya, amma lokotoro ya ce na farko ana sa ran zai warke, na biyu kuwa jinyarsa za ta yi wuya. Dangi sukan yi mamaki. Wasu har su ce an nuna bambanci. Ba bambanci ba ne. Akwai alamun da ya gani a jiki da cikin takardar awo, su ne suka faɗa masa.

DAGA INA JINI YAKE FITOWA?

Duk wanda ya taɓa fasa ƙashin rago ran Layya ya san ɓargo. To, a cikin ɓargo ake ƙera jini, dare da rana, tun daga haihuwa har mutuwa. Babban mutum yana da jini wajen lita 5. In aka ɗora ɗigon jini a ƙarƙashin madubin awo, wanda ake kira mikroskop, za a ga ƙwayoyi iri uku.

Akwai jajaye, masu kai iska ko'ina cikin jiki. Kowace tana yin kwana 120 ko kusan haka, sannan ta mutu a maye gurbinta. Akwai farare, su ne dogaran jiki, masu yaƙi da cuta. Akwai kuma wasu ƙanana da ma'aikatan likita ke kira plaket, su ne ke tsai da jini in mutum ya yanke.

Ana ƙirga su a cikin wani ɗigo ƙarami ƙwarai, wanda bai kai rabin ƙwayar gero ba, sunansa mikrolita. A cikin wannan ɗigo, babban mutum mai lafiya yana da fararen ƙwayoyi daga 4,000 zuwa 10,000, da plaket daga 150,000 zuwa 400,000.

Sankarar jini tana farawa ne in wata farar ƙwaya guda ta lalace, ta shiga haihuwa ba tsayawa. Ƴaƴanta ba sa nuna, ba sa aikin komai, sai cin wuri. Suna cika ɓargo yadda ƙuduji ke cika gona, har mai kyau ya rasa inda zai tsiro. Wannan ita ce sankarar ɓargo, wadda ake kira lusemi a likita. Wani lokotoron Jamus, Rudolf Virchow, ya sa mata wannan suna a 1847, ma'anarsa farin jini, don ya ga jinin mai cutar ya yi fari-fari saboda yawan fararen ƙwayoyi. Ba farin jinin da ake yi wa budurwa fata ba ke nan.

Wani lokaci kuma ɓarnar ba a ɓargo take farawa ba, a kaluluwa take farawa: a wuya, a hammata, a matsematsi, ko can cikin ciki. Wannan ita ce sankarar kaluluwa, lamfom a bakin ma'aikatan likita.

Ba a ɗaukar wannan cuta wurin cin tuwo tare, ko kwana ɗaki ɗaya, ko wanke kayan mai jinya. Kuma dabam take da amosanin jini, wato sikila, wanda ake gado daga uwa da uba.

YADDA TAKE SHIGAR BURTU

Wahalar wannan cuta a karkara ita ce kama da take yi da cututtukan da aka saba. Yaro ya yi fari fat, tafin hannunsa da fatar idonsa ba jini. Masassara ta ƙi sauka. Sai a ce cizon sauro ne. A yi awo ma, watakila a samu ƙwayar masassarar, don a watan Agusta da Satumba yara da yawa a Magarya da Matamai suna ɗauke da ita. A ba da magani. Mako biyu, yaro yana nan yadda yake, ko ya fi. Ga haɓo, ga dasashi yana jini, ga tabo baƙi-baƙi a fata ba tare da an buge shi ba. Yana kukan ƙashi, ya ƙi tafiya. Saifa ta kumbura.

Ita kuwa kaluluwa, kowa ya san tana tashi in akwai gyambo a ƙafa ko ciwon haƙori, tana zafi, kuma tana sauka in gyambon ya warke. Wadda ake tsoro ita ce mai tauri, marar zafi, wadda ta wuce wata guda tana ƙaruwa. Tarin fuka ma yana kumbura kaluluwar wuya. Ido ba ya raba su. Sai an ɗebi ɗan ruwanta da allura ko an yanki ɗan yanki an duba.

A nan ne gidaje da yawa suke asarar lokaci. Ana zuwa wurin wanzami ya yi tsaga a kan saifa ko ya kafa ƙaho. Wanzami yana da aikinsa a gari, ba mai musu. Amma yaron da plaket ɗinsa suka ƙare, tsaga ƙarama tana iya zubar masa da jinin da ba ya tsayawa. Aspirin ma yana ƙara zubar jini ga irin wannan yaro.

Akwai kuma wata ɓarna da ba a cika sani ba. Ƴan tallan magani suna sayar da ƙwayoyin ƙiba irin su deksametazon. Wannan ƙwaya tana narkar da ƙwayoyin sankara na ɗan lokaci. Kumburi ya sauka, gida ya yi murna. In aka je likita a lokacin, awo yana iya ruɗewa, lokotoro ya kasa gane irin cutar. Bayan ƴan makonni ta dawo.

ALAMA TA FARKO: WACE IRI CE?

Sankarar jini ba cuta ɗaya ba ce. Gida ne mai ɗakuna da yawa. Tambayar lokotoro ta farko ita ce: wace iri? Don haka ne yakan soka allura a ƙashin ƙugu, ko ƙashin ƙirji ga babba, ya zuƙo ɗan ɓargo. Iyaye sukan ji tsoron wannan awo. Ɓargon da aka ɗiba kaɗan ne, jiki yana mayar da shi cikin ƴan kwanaki.

Akwai mai sauri, wadda ke kwantar da mutum cikin makonni. Akwai mai tafiyar hawainiya, wadda mutum zai yi shekaru da ita. Abin mamaki, wasu daga cikin masu saurin su ne suka fi jin magani, domin maganin sankara, wanda ake kira shimiyo, ya fi kama ƙwayar da ke haihuwa da sauri.

Irin da ta fi kama yara ana rubuta ta LAL a takardar likita. A ƙasashe masu arziki, cikin yara 10 masu ita wajen 9 suna rayuwa. Ga wannan iri, lokotoro yana duba abu biyu tun ranar farko: shekarun yaro da yawan fararen ƙwayoyi.

A ɗauki misalin yara biyu. Ɗaya shekararsa 4, awo ya nuna farare 12,000. Ɗaya shekararsa 13, farare 90,000. Ƙa'idar da likitocin duniya ke bi ita ce: yaron da ya cika shekara 1 bai kai 10 ba, kuma fararensa ba su kai 50,000 ba, yana cikin rukunin da cutar ta fi sauƙin magani. Wanda ya kai 10, ko fararensa suka kai 50,000, yana cikin rukuni mai haɗari, a ba shi magani mai ƙarfi. Jaririn da bai cika shekara ba, nasa ya fi duka wuya. Ashe sanin shekarun yaro daidai ba abin wasa ba ne. Takardar haihuwa da karnen likita suna da amfani har a nan.

Ana kuma ɗiban ruwan gadon baya da siririyar allura, a ga ko cutar ta kai ga ruwan da ke kewaye ƙwaƙwalwa. In ta kai, sai a ƙara magani ta wannan hanya.

Amma alamar da ta fi duka ƙarfi ba a ganinta ranar farko. Ita ce yadda cutar ta amsa magani. Manomi ya yi noman farko, bayan ƴan kwanaki ya koma ya duba: hakin ya mutu ko ya sake tasowa? Lokotoro ma haka. Bayan kwana 7 ana shan maganin farko, ran na 8 a ƙirga miyagun ƙwayoyi cikin jini. In ba su kai 1,000 a mikrolita ba, alama ce mai kyau. Bayan wata guda ko kusan haka a sake duba ɓargo. In miyagun ba su kai 5 cikin 100 ba, kuma jini mai kyau ya fara dawowa, a ce cuta ta kwanta. Manyan ɗakunan awo suna da na'urar da ke gano muguwar ƙwaya 1 a ɓoye cikin 10,000. Yaron da aka nema aka rasa ko wannan ɗaya a jikinsa, shi ne aka fi sa wa rai.

Kwanciya ba warkewa ba ce. Maganin LAL yana ɗaukar shekara 2 ko fiye.

CUTAR MUƘAMUƘI

Sankarar kaluluwa da ta fi shafar yaran Afirka ita ce wadda ake kira da sunan Burkitt. Denis Burkitt lokotoron fiɗa ne, mutumin Ailan, yana aiki a likitar Mulago a Kampala, ƙasar Uganda. Ya yi ta ganin yara da kumburin muƙamuƙi, ya rubuta labarin cutar a 1958. A 1961 shi da abokan aikinsa biyu suka shiga tsohuwar mota, suka yi tafiyar wajen kilomita 16,000 a gabashi da kudancin Afirka, suna tambaya likita bayan likita: kuna ganin wannan cuta? Suka gano ta fi yawa inda ake zafi da ruwan sama mai yawa, ba ta cika hawa kan tsaunuka masu sanyi ba. A Najeriya ma an ga ta fi yawa a kudu, ta yi ƙaranci a arewa mai fari wajen Kano. Taswirar cutar ta zo daidai da taswirar sauro.

A 1964, a birnin Landan, Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano wani birus a cikin ƙwayoyin wannan kumburi. Yau an san kusan kowane yaro a Afirka yana kamuwa da wannan birus tun yana ƙarami, kuma yawancinsu ba ya yi musu komai. Sai in masassarar cizon sauro ta yi ta maimaituwa a kan yaro, shekara bayan shekara, sannan su biyun su haɗu su buɗe wa cutar ƙofa. Ƙasar Damagaram ba ta kai kurmi ruwa ba, amma sauron damina bai bar ta ba, musamman kudu wajen Magarya, Dungas da Kance. Gidan sauro, da maganin rigakafin masassara da ake rarraba wa yara ƴan wata 3 zuwa 59 a watannin damina tun 2013, ba su da maye.

Cutar ta fi kama yara ƴan shekara 4 zuwa 7, maza sun fi mata. Kunci ya kumbura, haƙora su yi girgiɗi, ido ya turo waje, ko kuma ciki ya cika da ƙulli. Wasu sukan ɗauka hangum ne, ko ciwon haƙori, har a cire haƙorin. Ba wata sankarar ɗan Adam da ta kai ta sauri: ƙwayoyinta suna iya ninkawa cikin kwana 1 ko 2. Ke nan jiran ranar kasuwa mai zuwa, ko jiran mai gida ya dawo daga ci rani, yana iya sauya komai.

Ga wannan cuta lokotoro yana duba mataki. Mataki na 1, kumburi wuri ɗaya ne. Na 2, ya ɗan yaɗu amma gefe ɗaya na jiki, sama ko ƙasa da shamakin da ya raba ƙirji da ciki. Na 3, ya bazu sama da ƙasa, ko ya cika ciki. Na 4, ya shiga ɓargo ko ruwan ƙwaƙwalwa. Yaron da ya zo a mataki na 1 ko na 2 ya fi sauƙin warkewa nesa ba kusa ba. Yawancin yaran karkara kuwa a na 3 ko na 4 suke isowa.

Akwai wani awon jini mai suna LDH. Wani sinadari ne da ke cikin ƙwayoyin jiki, yana zuba cikin jini in suna fashewa. Kamar hayaƙi ne: mai kallo daga nesa bai ga wutar daji ba, amma yawan hayaƙin ya faɗa masa girmanta. LDH mai yawa yana nuna cuta mai yawa, ko da kumburin da ake gani a waje ƙarami ne.

Sannan a duba ƙarfin jikin yaro. Igiyar awon hannu mai ja da rawaya da kore, wadda uwayen Damagaram suka sani wurin awon tamowa, tana magana a nan ma. Yaro mai tamowa ba ya jure shimiyo kamar ƙosasshe, ƙananan cututtuka sun fi saurin kayar da shi a tsakiyar jinya. Ana kuma yin awon Sida, domin tana ƙara haɗarin sankarar kaluluwa, kuma in tana nan dole a haɗa maganin biyu.

A Turai da Amurka wajen 9 cikin 10 na yara masu wannan cuta suna warkewa. A likitocin Afirka da dama, wajen rabi ne. Ba don jinin yaran ya bambanta ba.

RUBUTUN DA KE CIKIN ƘWAYA

A cikin kowace ƙwayar jiki akwai wasu zarurruka 46, biyu-biyu, rabi daga uwa rabi daga uba. Ana ce musu kuromozom. A kansu aka rubuta umarnin da ƙwaya ke bi: yaushe za ta haihu, yaushe za ta tsaya. Ɗalibin yaƙi da jahilci ya san in aka yage rabin shafi aka liƙa a jikin wani shafi, karatu zai fito da wata ma'ana dabam. Haka ke faruwa a sankarar jini. A cutar Burkitt, galibi guntun zare na 8 ne ke musanya wuri da guntun na 14. Wannan yagewa a cikin jikin mai cutar take faruwa, ba daga iyaye ya gado ta ba, ba kuma zai ba ƴaƴansa ba.

Labarin da ya fi daɗin ji shi ne na wata sankarar ɓargo ta manya, mai tafiya a hankali, wadda ake rubutawa LMC. Mai ita yakan zo da gajiya, da rama, da saifa wadda ta sauko har cibiya ko ta wuce. A 1960, a birnin Filadelfiya na Amurka, Peter Nowell da David Hungerford suka ga wani zare ya gajarce a ƙwayoyin masu wannan cuta. A 1973 wata mace masaniya, Janet Rowley, ta gano zare na 9 da na 22 ne suka yi musanya. Daga nan aka nemi maganin da zai toshe wannan ɓarna ita kaɗai, aka samu imatinib, wanda aka fara ba jama'a a 2001. Kafin wannan magani, mai LMC yakan yi shekara 3 zuwa 5 ne bayan an gano cutar. Yau wanda aka kama tasa da wuri, yana shan ƙwayarsa kullum ba fashi, yana iya noma gonarsa har tsufa.

Ke nan alama guda ta yi aiki uku. Ta faɗi sunan cuta, ta zaɓi magani, kuma ana aunata lokaci-lokaci, galibi duk wata 3 a farko, a ga ko tana raguwa. Na'urar GeneXpert da ake awon tarin fuka da ita tana iya wannan awo in an samu kwalbar da ta dace.

Ba duka awo ne ke son babbar na'ura ba. Ga wata iri ta tsofaffi, LLC, wani lokotoron Faransa mai suna Binet da abokan aikinsa suka fitar da ma'auni a 1981. Hannu ne da awon jini kawai. A taɓa wuri 5: wuya, hammata, matsematsi, saifa da hanta. In ƙasa da 3 ne suka kumbura kuma jini bai ragu ba, rukunin A ke nan. In 3 ne ko fiye, B. In jan jini ya faɗi ƙwarai, ko plaket ba su kai 100,000 ba, C. Tsohon da ke rukunin A sau da yawa ba a ba shi magani, sai dai a ce ya riƙa dawowa awo. Kada ƴaƴansa su ce an yi watsi da shi. An gwada, an ga fara magani da wuri ga irin wannan tsoho ba ya ƙara masa kwana.

Ga manya masu sankarar kaluluwa mai sauri kuwa, tun 1993 ana ƙirga abu 5: ko mutum ya wuce shekara 60, ko cuta ta kai mataki na 3 ko 4, ko LDH ya hau, ko ta shiga gaɓa fiye da ɗaya bayan kaluluwa, da kuma ko mutum yana iya tashi ya yi hidimar kansa ko kwance yake yini. Iya yawan waɗanda suka taru a kan mutum, iya nauyin jinya. Lokotoro yakan kuma tambayi zazzaɓi, da zufar dare mai jiƙa riga, da rama: in mutum ya zubar da kashi 1 cikin 10 na nauyinsa a wata 6. Mai rakiya ya amsa gaskiya. Ɓoye rama don kunya ba ya taimakon kowa.

ALAMAR DA BA TA CIKIN JINI

Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da 80 cikin 100 na yara masu sankara suna warkewa, amma a ƙasashe matalauta da yawa ba su kai 30 ba. A 2018 ta kafa burin a kai 60 cikin 100 a duk duniya kafin 2030. Abin da ya raba waɗannan lambobi, yawancinsa ba a mikroskop ake ganinsa ba. Jinkirin zuwa ne, da rashin awo, da yankewar magani, da barin jinya a tsakiya.

Hanyar mai jinya daga ƙauye tana da tsawo. Daga likitar ƙauye zuwa ta gunduma, daga can zuwa Babbar Likitar Ƙasa ta Zinder, inda ake ƙirga ƙwayoyin jini, a yi hoton ciki, a yi ƙarin jini. Sau da yawa daga nan sai Yamai, tafiyar wajen kilomita 900, inda Babbar Likitar Ƙasa da Cibiyar Yaƙi da Sankara suke. A wannan cibiya aka fara gashin sankara da haske a 2021, karo na farko a Nijar. A 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, a 2024 kuma aka rage kuɗin ganin lokotoro da na awo a likitocin gwamnati. Amma yaro mai cutar Burkitt sau da yawa ya wuce 5. Kuɗin mota, da abincin mai rakiya, da gonar da aka bari, duk suna wuyan gida.

Ga inda tarko yake. Cutar Burkitt tana jin magani da sauri. Bayan allurar farko, cikin mako guda kunci ya saɓe, yaro ya nemi fura, ya fara wasa. Ruwa kuwa ya sauka a gida, maƙwabta sun yi shuka. Uba ya dubi yaro, ya dubi sama, ya ce a tafi. Ba mugunta ba ce, yana da wasu bakuna da zai ciyar. Amma abin da ido ya daina gani bai ƙare ba. Wanda ya yi noman farko ya ƙi maimai ya san abin da zai tarar. Cutar da ta dawo bayan an katse magani ta fi ta farko taurin kai, maganin da ya kayar da ita jiya ba lalle ya kayar da ita gobe ba. Shi ya sa ya kamata dangi su zauna tun ranar farko su raba aiki: wa zai zauna da yaro, wa zai riƙe gona, wa zai kawo hatsi. Gayya ba ta gonar sarki kaɗai ba ce.

Kwanakin farkon magani su ma suna da nasu haɗari. Ƙwayoyin cuta suna mutuwa da yawa lokaci guda, dattinsu yana iya toshe ƙoda. Don haka ake yi wa yaro ƙarin ruwa da yawa, ana duba fitsarinsa. Bayan mako guda ko biyu kuma fararen ƙwayoyi masu kyau suna faɗuwa, jiki ya zama gari ba dogari. Zazzaɓi a wannan lokaci ba na jiran safiya ba ne. A koma likita a daren.

Jini ma ana bukatarsa, leda bayan leda. Namiji lafiyayye da ya ba da leda ɗaya, wadda ba ta kai rabin lita ba, ɓargonsa zai mayar masa cikin ƴan makonni. Ƴan'uwan da suka zo dubiya da goro da ƴan kuɗi, in suka biya ta wurin ɗiban jini sun fi taimako.

TAMBAYAR DA YA KAMATA A YI

Lambobin nan duka an samo su ne daga ƙirga mutane da yawa. In lokotoro ya ce 7 cikin 10 suna warkewa, bai san ko wannan yaro yana cikin 7 ko cikin 3 ba. Rai yana hannun Allah, lokotoro ma ya san haka. Amma gidan da zai sayar da sa, ko ya jinginar da gona, yana da hakkin ya ji gaskiya kafin ya kai dabba kasuwa.

Mutanen karkara sukan ji nauyin tambaya a gaban mai farar riga. Su amsa da to, su fito ba su gane ba. Mai rakiya ya daure ya tambaya, da Hausa, in da hali a gaban wani ma'aikaci da zai fassara: mene ne sunan cutar? Wane mataki ta kai? Maganin nan na warkarwa ne, ko na rage wahala ne? Wata nawa zai ɗauka, zuwa nawa za a yi? Wanda ya iya rubutu ya rubuta amsar a littafinsa, da ranar komawa.

Wani lokaci amsar ba ta da daɗi. Cuta ta yi nisa, ko iri ce wadda maganinta ya fi ƙarfin abin da ke akwai. A nan ma aikin likita bai ƙare ba. Akwai maganin zafi mai ƙarfi, akwai ƙarin jini da ke sa mutum ya samu numfashi, akwai shawarar ko ya fi kyau ya zauna kusa da iyalinsa a Gure ko Takeita da a yi ta jansa a mota.

Wanda kuma ya gama magani lafiya, za a ce ya riƙa dawowa awo. Cutar Burkitt in za ta dawo, galibi cikin shekarar farko take dawowa. Yaron da ya wuce shekara guda ba ta motsa ba, da wuya ta sake. LAL kuwa ana bibiyarta shekaru. Takardun awo duka, tun daga na ranar farko, a sa su cikin leda a ajiye a akwati inda gara da ruwan damina ba za su kai ba. Lokotoron da zai duba yaron baɗi, da lambar bara zai gwada ta bana.